Zuma a Kwanon Dogo

Tun ranar da Baba ya ce a gaya wa Dogo ya zo su ci abincin rana tare, gidan ya zama kamar tukunyar da aka rufe bakinta a kan wuta. Ba wanda ya ɗaga murya, amma ko kofi aka ajiye sai ka ji ya yi ƙara fiye da yadda ya saba.

Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma yana da aƙida guda wadda kowa a gidan ya haddace: ba ya yanke hukunci da an ce ka ce. Abin da idonsa bai gani ba, kunnensa bai ji daga bakin mai shi ba, to a wurinsa bai faru ba. Umma ta yi masa raɗa, ta yi habaici, ta yi kuka, ta ce an ce yaron nan mai neman autarsu yana da wani ciwo da ake ɓoyewa. Shi dai amsarsa ɗaya ce.

"An ce, an ce. Ki bar ni in gan shi a bakin kwano. Mutum yana iya ɓoye halinsa a gaisuwa, ba ya iya ɓoye shi a loma."

Abin da ya sa Auta ba ta runtsa da kyau ba kwanakin nan shi ne, an ce ɗin gaskiya ce.

Dogo mai zanen gine-gine ne, mutum shiru-shiru mai dogayen yatsu, kuma yana da farfaɗiya tun yana yaro. Bai ɓoye mata ba, tun farkon fari ya faɗa mata. Yana shan maganinsa, sannan likitansa ya ɗora shi a kan wani tsarin cin abinci da suke kira kito: ba shinkafa, ba burodi, ba dankali, ba sukari ko na ɗanɗane, sai ganyaye da ƙwai da nama da mai. Tun da ya kama tsarin nan ciwon ya yi nisa da shi, har ya fara mantawa da yadda ƙasa take zuwa ta same shi. Likitan dai ya gargaɗe shi cewa zaƙi yana iya rushe abin da aka daɗe ana ginawa.

Alƙawari ɗaya ya nema a wurinta.

"Kada ki riga ni faɗa wa Baba. In mun gama cin abinci ni zan faɗa masa da bakina, ina kallon idonsa. Idan daga bakin wani ya ji, har abada maɓoyi zai ɗauke ni."

Ta ce ta yi alƙawari.

Shi ya sa a wannan hantsin, tukwanen Umma suna ta ɓararraka da shinkafa da miyar nama, ita Auta ta raɓe a gefen murhun gas tana nata aikin. Manyan yalo ta samo, irin baƙaƙen nan masu sheƙi. Ta tsattsaga su da bakin wuƙa, ta ɗora su kai tsaye a kan harshen wuta tana juya su da cokali mai yatsu, har fatar ta ƙone ta yi ɓawo, cikin ya yi laushi ya langaɓe. Abin dangwale za ta yi masa, wanda zai ci da yankakkiyar kokwamba da koren tattasai, don kada ya zauna a gaban Baba da hannu a cinya kamar wanda ya raina abincin gida.

Tana cikin ɓare baƙar fatar da yatsunta, tana hura su saboda zafi, sai ga ƙamshin turare ya cika kicin ɗin. Ba ta waiga ba ta san Yaya ce, babbar yayarta, wadda ta zo daga gidan mijinta ba wanda ya aika mata.

"Wannan warin ƙonar fa? Na ɗauka wayar lantarki ce ta kama."

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Gawayi za ki ba saurayin naki? Ko da yake, an ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mai yiwuwa a gidansu shi ake ci."

Auta ta zuba naman yalon a mataci don ruwan ɗacin ya tsane. Ta jawo tafarnuwa ta fara daddaka ta.

Yaya ta jingina da firiji ta harɗe hannuwa.

"Ƙanin mijina ne ya kawo ni, yana falo wurin Baba. Baba ya ce ya tsaya a ci da shi."

Hannun Auta ya tsaya cak. Ƙanin mijin Yaya shi ne wanda ake kira Mai Motoci, mai babban shagon sayar da motoci, wanda ya daɗe yana aiko mata da turaruka tana mayar masa.

"Yaya, yau ɗin ma sai da kika kawo shi?"

"To a ƙafa zan zo? Ni ba a saba min da yawon ƙafa ba. Naki ne aka ce ko sitiyari ba a yarda ya riƙe ba. Namiji har namiji, sai dai a tuƙa shi kamar buhun gishiri."

"Ni ba mota zan aura ba."

"Na sani. Asibiti za ki aura."

Auta ta juya mata baya. Ta zuba yalon a bilenda, ta sa niƙaƙƙen riɗi, ta sa tafarnuwar, ta matse lemon tsami tana tare 'ya'yan da yatsu, ta barbaɗa gishiri, ta jefa ɗan ganyen alayyafo da ta turara. Ta danna bilendar da ƙarfi, ta bar ta tana kuka fiye da yadda ake buƙata, don kawai ta daina jin muryar Yaya.

Da ta kashe, sai ta ga Umma a bakin ƙofa.

Umma ba ta dubi fuskarta ba. Bilendar ta duba, ta dubi faranti mai yankakkiyar kokwamba, ta dubi tukwanenta da ta tashi tun asuba tana fama da su.

"Wato abincina ne ba zai ci ba."

"Umma, ba raini ba ne. Zai ci naman, zai ci ganyen."

"Baƙo ya shigo gidana, ya tsallake tukunyata, a kai masa ciyawa da wannan abin mai kama da siminti. Me ubanki zai ce? Me baƙin ido za su ce? Cewa za a yi rowa muke yi."

"Umma, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ni na ɗauki cikinki, ni na yi jinyarki kina jaririya har aka fitar da rai da ke. Ban raine ki don ki ƙare rayuwarki kina auna wa namiji loma ba."

Muryar Umma ta fara rawa, kuma wannan ya fi zagin Yaya ciwo.

"Ki gaya min, Auta. Ranar da za ki shiga wanka ki bar masa jaririnki a hannu, abin ya taso masa a kan bene, wa za ki kira? So ne zai tare miki yaron kafin ya kai ƙasa?"

Hawaye suka zubo wa Auta. Ba ta share ba, hannuwanta duk man zaitun ne.

"Umma, na yi wannan tunanin. Wallahi na yi shi har ya hana ni barci. Shi ma ya yi. Mun je wurin likitansa tare, mun tambayi komai. Masu lafiyar ma Allah ne yake tsare su. Shi bai yi min ƙarya ba ko sau ɗaya, shi ya sa na san abin da zan shiga."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

"To ki bar Baba ya ji daga bakinsa. Abin da nake roƙo ke nan. Yau ɗaya."

Umma ta yi ƙwafa ta juya. Yaya ta bi ta da kallo, sannan ta dubi bilendar ta ɗan yi murmushi, irin wanda bai kai ido ba.

Auta ta juye haɗin a farin kwano. Ya yi kauri, ya yi santsi, yana ƙamshin hayaƙi da lemo. Ta yi masa ɗan rami a tsakiya da bayan cokali, ta tsiyaya man zaitun, ta ɗanɗana da ɗan yatsa. Tsami da gishiri sun zauna daidai, da ɗan ɗaci-ɗaci can ƙasa, yadda Dogo yake so. Ta rufe da faranti.

A nan ne suka ji sallamarsa daga ƙofar gida, da muryar Baba yana amsawa.

Yaya ta ce, "Haka za ki fita kina warin hayaƙi, fuska duk hawaye? Ko ba na son abin, ba zan bari a ce ƙanwata ƙazama ce ba. Je ki canza kaya, ni zan shirya tiren."

Ai kuwa mai neman a so shi, ko ɗan sassauci ya gani sai ya ɗauka rahama ce. Auta har da cewa na gode. Ta ruga ɗaki.

Ta wanke fuska, ta sa doguwar rigarta mai ruwan toka, ta tsaya gaban madubi tana lallashin idanunta su daina ja. Da ta dawo kicin babu kowa, an kwashe tirarruka. Ta miƙa hannu za ta ɗauki tsumma, sai yatsunta suka manne a kan teburin girki.

Ta duba. Wani ɗigo ne mai ruwan zinariya, har tururuwa ta fara zagaye shi. A cikin wurin wanke-wanke ga babban cokali, bakinsa da ragowar haɗin yalonta, wutsiyarsa tana naso da danƙo. A bayan tulun mai kuma ga kwalbar zuma, murfinta a karkace.

Ta jawo ta ta duba. Kwalbar nan ba a kicin take zama ba. Ta Baba ce, wadda yake sha da safe, kuma a cikin kabad ɗin ɗakin Umma ake kulle ta.

Ta fito da gudu ta ci karo da Yaya a lungun da ke kaiwa falo, tana goge hannu da hankici.

"Me kika zuba a kwanon?"

"Gyara miki na yi. Ɗaci ne da shi kamar maɗaci, sai a ce ba a koya miki girki ba."

"Kin san ba ya shan zaƙi. Kin sani sarai."

Yaya ta matso har Auta tana jin numfashinta, ta rage murya.

"In lafiyarsa ƙalau, me zuma za ta yi masa? In kuma ba ƙalau ba, ai Baba ya ce sai abin da idonsa ya gani. To yau zai gani. Ya faɗi a kan kafet ɗinsa, mu huta."

"Mutum ne fa, Yaya. Ɗan wasu ne."

"Ke kuma ƙanwata ce. Wuce ki shiga in kin isa. Ki shiga gaban maza ki tona masa asiri da bakinki, ki rage min aiki."

Auta ta tsaya tana kallon labulen falo. Ba ta san ko zumar za ta kayar da shi yau ba, ko gobe a kan titi, ko jibi a saman wani gini da yake dubawa, ko ma ba za ta yi komai ba. Abin da ta sani shi ne Dogo yana da kunya. Ko ya ji zaƙin a harshensa, ba zai ture kwano a gaban Baba ba.

Ta ture hannun Yaya ta ɗaga labulen.

Su uku ne a kan kafet, an baje kwanuka a tsakiya. Mai Motoci ya naɗe hannun riga yana aikin shinkafa, makullin motarsa a gefen farantinsa inda kowa zai gani. Dogo ya tanƙwashe dogayen ƙafafunsa, yankan kokwamba a hannunsa, an gutsiri rabi. Baba kuwa ya jawo farin kwanon tsakaninsa da Dogo, yana dangwala da tattasai yana gyaɗa kai.

"Ci mana, ɗana. Ai hannun 'yata ne. Ban san ta iya wannan ba."

Dogo ya ɗago ya dube ta. Kallo ɗaya ya gaya mata ya ji zaƙin, kuma ga hannunsa yana komawa kwanon.

Ba ta yi sallama ba, ba ta durƙusa ba. Ta sunkuya ta ɗauke kwanon daga gabansu, ta rungume shi a ƙirji, man zaitun yana gangarowa a kan rigarta.

Mai Motoci ya tsaya da loma a hannu.

Baba ya ajiye tattasan a hankali.

"Auta. Ni kika ɗauke wa kwano a gaba?"

"Baba, ka gafarce ni."

"Ban tambaye ki gafara ba. Me ke cikin kwanon?"

Mai Motoci ya goge baki, ya gyara zama.

"Baba, ni dai ba na shiga maganar gida. Amma kwanon da aka ware wa mutum ɗaya, aka girka shi daban, sannan da aka ga kai ma ka sa hannu aka zo aka fizge, to mai hankali zai yi tunani. Zamanin nan 'yan mata ana kai su wurare."

Fuskar Baba ta canza. Auta ba ta taɓa ganin ya kalle ta haka ba, kamar baƙuwar da ta shigo gidansa da dare.

"Asiri kika sa? A gidana?"

"Wallahi, Baba, ba asiri ba ne. Zuma ce."

Mai Motoci ya yi 'yar dariya.

"Zuma. To yaushe zuma ta zama guba?"

"Amsa shi," in ji Baba. "Me zuma take yi wa mutum da har za ki ci mutuncina a gaban baƙi?"

Kalma ɗaya za ta wanke ta, kuma ita ce kalmar da ta yi alƙawarin ba za ta furta ba. Ta dubi kafet, hawaye suna ɗiga cikin kwanon. Bayan labule tana jin motsin Umma da Yaya.

"Ba zan iya faɗa ba, Baba."

"To daga yau babu maganar..."

"Baba, ni zan faɗa."

Dogo ne. Ya ajiye guntun kokwambar a gefen faranti, ya gyara zama ya fuskanci Baba sosai. Kunnuwansa sun yi zafi, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Ina da farfaɗiya. Tun ina yaro. Ina shan magani, kuma likita ya hana ni zaƙi da duk abinci mai sitaci, shi ya sa ta yi min wannan daban. Na so in bari mu gama ci in faɗa maka, na kuma sa ta yi min alƙawarin ba za ta riga ni ba. Laifin shirunta nawa ne."

"Ka ji zaƙin da ka ci?"

"Na ji."

"Ka kuma miƙa hannu za ka ƙara."

"Kai ka ce in ci, Baba."

Mai Motoci ya ja jikinsa baya kaɗan-kaɗan har ya jingina da kujera. Ya dubi jug ɗin ruwan da suka sha tare, ya dubi kofin Dogo da ke kusa da nasa, ya sa ɗan yatsa ya ture nasa gefe, sannan ya shiga goge hannu da kyau kamar wanda ya taɓa kwata.

Baba yana kallonsa har ya gama. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki kofin Dogo, wanda ya sha ya rage, ya kafa kai ya shanye, ya dire shi a kan tire.

Sannan ya juya wajen labule.

"Kwalbar zumata a kulle take. Makulli ɗaya ne, kuma na san wuyan da yake rataye."

Labulen ya buɗe. Umma ta fito, Yaya a bayanta tana kallon silin.

"Ni na ba ta makullin," in ji Umma. "Kai ka ce sai ka gani. To ga shi ka ji da kunnenka. Yanzu sai ka sallame shi."

"Na ce in gani. Ban ce a ɗana wa baƙona tarko a kwanon da ni ma nake ci ba."

"'Yata nake karewa."

"Da kin kayar da ɗan mutane a falona, da wane bakin za ki gaya wa uwarsa haka?"

Umma ta dafe ƙirji, idanunta suka kawo ruwa.

"To ka ji nawa. Ranar da ka ba shi yarinyar nan, ranar zan bar maka gidanka. Ka zaɓa."

Ta juya ta shige, aka ji ƙofar ɗakinta ta bugu har hoton bango ya karkace.

Baba ya bi ta da kallo. Da ya buɗe baki, Dogo ya kalla.

"Kada ka ɗauka na ba ka. Ban ba ka ba, ban kuma hana ka ba. Ina da tambayoyi, kuma wasu za su yi maka ɗaci. Amma ba na tuhumar mutum da yunwa a cikinsa."

Ya dubi Mai Motoci.

"Kai kuma na ga ka ƙoshi. Ka mayar da matar yayanka gida."

Sannan ya ɗago kai ga Auta, wadda har yanzu take rungume da kwanon.

"Zubar da wannan. Akwai sauran yalon?"

"Saura ɗaya, Baba."

"Je ki gasa shi. Ni zan tsaya a ƙofar kicin ɗin da kaina."

Haka aka yi. Baba ya jawo kujerar roba ya zauna a bakin ƙofa, ya ɗora sandarsa a kan cinya. Auta ta wanke bilendar har sau ba adadi, tana shinshina ta ko akwai sauran zaƙi. Ta kunna gas, ta ɗora yalon ƙarshe a kan wuta.

Fatar ta fara tsatstsagewa, hayaƙi ya tashi.

Daga can cikin gida sai ta ji wani sauti da ta sani tun tana ƙarama, wanda ba a jin sa sai za a yi doguwar tafiya. Babban akwatin Umma ne ake jawowa daga ƙarƙashin gado.

Ta waiga ta dubi Baba. Shi ma ya ji. Bai tashi ba, sai dai yatsunsa sun ƙara damƙe sandar.

"Juya shi," ya ce. "Yana ƙonewa ta gefe ɗaya."